Ushira Biyu: Majalisar Salihai da Mulkin Janarori a Ingila

Ranar 20 ga Afrilu 1653, Oliver Cromwell, shugaban rundunar sojan ƙasar, ya shiga zauren majalisar dokokin Ingila sanye da baƙaƙen kaya irin na farar hula, ya zauna a kujerarsa kamar kowane wakili, ya saurari muhawara na ɗan lokaci. Sannan ya miƙe. Da yabo ya fara, can kuma murya ta sauya, ya shiga zargin 'yan majalisar da zalunci da son kai da maƙalewa a kan mulki, yana duban wasu ido da ido, wannan mashayi ne, wancan mazinaci. Da ya gama ya yi kira, sojoji suka shigo da bindigogi. Cikin waɗanda suka yi aiki a ranar akwai mutum biyu da nake so mai karatu ya riƙe sunayensu. Ɗaya Manjo Janar Thomas Harrison ne, ɗan mahauci, wanda ya kama hannun kakakin majalisa William Lenthall ya sauko da shi daga kujerarsa. Ɗayan kuma Laftanar Kanar Charles Worsley, matashi daga yankin Manchester, wanda ya jagoranci sojojin, kuma a wurinsa sandar majalisa ta kwana.

Mutanen nan biyu su ne fuskokin gwaji biyu da Ingila ta yi a shekarun da ta zauna babu sarki. Burin duka biyun ɗaya ne, wato a mai da al'ummar ƙasar masu tsoron Allah. Gwajin farko shi ne a tsamo salihan bayi a tara su a majalisa su yi doka, kuma wannan mafarkin Harrison ne. Na biyu shi ne a raba ƙasa ga janarori su bi gari gari suna gyara halin mutane, aikin da Worsley ya yi har ya ci ransa. Na farko wata biyar ya yi, na biyu bai kai shekara ɗaya da rabi ba. Abin da ya ja hankalina gare su shi ne, a kan abu guda suka mutu, kashi ɗaya cikin goma, abin da muke kira ushira.

Majalisar da Cromwell ya kora ita ma ba cikakkiya ba ce. A watan Disamba 1648 Kanar Thomas Pride ya tsaya a bakin ƙofarta da takardar sunaye a hannu, ya tare duk wakilin da ke neman sulhu da sarkin da majalisa ta yi yaƙi da shi. Waɗanda suka saura ne suka kafa kotun da ta yanke wa Sarki Charles na Ɗaya hukunci, aka fille masa kai ranar 30 ga Janairu 1649, suka soke sarauta da majalisar masu sarauta, suka ce ƙasa ta zama jamhuriya. Daga baya mutane suka laƙaba wa wannan ragowar suna mai ma'anar kuturin dabba. Ta taɓa addini daidai gwargwado. A 1650 ta yi dokar kisa a kan zina, ta yi dokar hukunta saɓo, ta ɗage tilas ɗin da ake yi wa kowa na zuwa cocin gwamnati ranar Lahadi. Amma gyaran shari'a da sojoji ke jira ya tsaya cik, domin lauyoyi na da ƙarfi a cikinta, maganar sabon zaɓe kuma kullum sai a ɗaga.

Ba za a gane abin da ya biyo baya ba sai an gane yadda Cromwell da hafsoshinsa ke karanta yaƙi. A wurinsu fagen fama shi ne inda Allah ke bayyana hukuncinsa. Sun ci Sikotlan a Dunbar ranar 3 ga Satumba 1650 alhali an fi su yawa nesa ba kusa ba, suka sake tarwatsa ɗan sarkin da rundunarsa a Worcester ranar 3 ga Satumba 1651. Mutumin da ya yi imani cewa kowace nasara saƙo ce daga sama, idan nasarori suka jeru masa haka, zai ɗauka an zaɓe shi don wani babban aiki, kuma lokacin aikin ya yi. Harrison ya wuce kowa a wannan. Yana cikin waɗanda ake kira 'yan Daula ta Biyar, masu fassara littafin Daniyel da cewa dauloli huɗu, Babila da Farisa da Girka da Rum, sun shuɗe ko suna gab da shuɗewa, ta biyar kuwa mulkin Almasihu ce, kuma salihai ne za su riƙe ƙasa kafin ya dawo. Shi ya nemi a kafa majalisa mai mutum saba'in irin ta dattawan Bani Isra'ila. Janar John Lambert, wanda siyasa ta fi damu, ƙaramar majalisar zartarwa ya so. Aka tsaya a kan mutum 140, biyar daga Sikotlan, shida daga Ayalan, duka majalisar hafsoshi ce ta zaɓe su. Babu wanda ya jefa musu ƙuri'a.

Sun hallara ranar 4 ga Yuli 1653 a fadar Whitehall, ana tsananin zafi, Cromwell ya yi musu jawabi mai tsawo cike da ayoyi, yana cewa watakila suna bakin ƙofar cikar alkawura. Bayan kwana biyu suka kira kansu majalisar dokoki, suka naɗa dattijo Francis Rous kakaki, sannan suka aika wurin Worsley a karɓo musu sandar. Maƙiyansu suka bi jerin sunaye suka tsinci na wani mai sayar da fata a titin Fleet da ke Landan, mai wa'azi a gidansa, wanda sunan yankansa ke nufin a yabi Allah, sunan gidansu kuma Barebone. Da sunansa aka yi wa majalisar laƙabi, don a nuna cewa taron 'yan tireda ne da masu ganin wahayi. Laƙabin ya bi ta har yau, kuma zalunci ne. Mafi yawan wakilan masu gonaki ne da asali, da yawa sun taɓa zama alƙalan sulhu a gundumominsu. Akwai Anthony Ashley Cooper a ciki, akwai Edward Montagu, akwai jagororin yaƙin ruwa Robert Blake da George Monck. 'Yan Daula ta Biyar na haƙiƙa ba su fi goma sha wani abu ba, ko da yake masu zafin ra'ayi da ke mara musu baya sun ninka haka.

Kuma sun yi aiki. Suna zama kwana shida a mako tun da safe, suka zartar da dokoki sama da ashirin. A watan Agusta suka yi dokar da ta ce alƙalin sulhu ne zai ɗaura aure, kuma kowace gunduma ta zaɓi magatakardan da zai riƙa rubuta haihuwa da aure da mutuwa. Suka yi dokar sassauta wa talakawan da ke ruɓewa a kurkuku saboda bashi, da ta kare dukiyar masu taɓin hankali daga dangi masu handama. Suka kaɗa ƙuri'ar rushe kotun Cansari, inda shari'a kan shekara da shekaru har kuɗin lauya ya cinye abin da ake rigima a kai. Suka kafa kwamitin da zai taƙaita dokokin ƙasa ya rubuta su yadda manomi zai karanta ya gane. Idan na duba wannan jeri, ina ganin mutanen da suka taɓa zama kusa da wanda kotu ta talauta, suka kuma ɗauki kukansa a matsayin aikin addini.

Sai dai hannunsu ba fari tas ba ne. A watan Satumba suka amince da dokar da ta raba ƙasar Ayalan ga sojoji da waɗanda suka ba gwamnati rance, ta kuma tabbatar da korar masu gonaki 'yan Katolika zuwa lardin Connacht a yamma. Wakilai shidan da suka zauna da sunan Ayalan babu ɗan Katolika ko ɗaya a cikinsu. Da masu taya alƙali yanke hukunci suka wanke John Lilburne, ɗan gwagwarmayar 'yancin talaka, ba a sake shi ba. Tausayin salihan yana da iyaka, kuma iyakar ita ce ta waɗanda suke ganin 'yan'uwansu ne a imani.

Abin da ya raba kansu shi ne ushirar coci. Tun ƙarnoni da dama, manomin Ingila na ba da kashi ɗaya cikin goma na amfanin gonarsa, dami ɗaya cikin goma, ɗan rago ɗaya cikin goma, don ciyar da limamin cocin gundumarsa. Masu zafin ra'ayi suka ce wannan zalunci ne kuma bidi'a ce. Mutum ɗan Baftis ne, yana da majami'arsa da mai wa'azin da yake ciyarwa da gumin kansa, don me za a zo gonarsa a ɗebi hatsi a kai wa limamin da ba ya binsa? A ganinsu mai wa'azin gaskiya masu sauraronsa ne za su riƙe shi. Masu sassauci suka ce idan aka soke ushira ba a tanadi madadinta ba, gundumomi wajen 9,000 za su wayi gari babu mai koyar da addini, ƙauyukan da ba su da hali su koma duhu. Wannan hujja ce mai nauyi kuma da yawansu da zuciya ɗaya suka faɗe ta. Amma akwai wata a ƙarƙashinta. Tun da Sarki Henry na Takwas ya rushe gidajen sufaye ya sayar da dukiyarsu, kaso mai yawa na ushira ya koma hannun masu ƙasa, suna gadonta suna sayar da ita kamar gona. Haka ma haƙƙin naɗa limamin ƙauye, shi ma dukiya ne da ake gada. Cromwell kansa ya san wannan daga ciki, domin a 1636 ya gaji kawunsa a garin Ely, kuma cikin abin da ya gada har da aikin karɓar ushira. Wanda ya taɓa ushira ya taɓa aljihun mutanen da ke riƙe da kowace gunduma a ƙasar.

A watan Nuwamba majalisar ta kaɗa ƙuri'ar soke haƙƙin naɗa limamai. Wasu daga cikin masu zafin suka fara sukar harajin wata wata da ake biyan sojoji da shi, abin da ya ɓata musu da hafsoshin da suka kawo su. Ranar Asabar 10 ga Disamba aka kaɗa ƙuri'a a kan rahoton kwamitin da ya ba da shawarar a bar ushira, a dai tace limamai a kori marasa cancanta. Sashen farko na rahoton ya faɗi da ƙuri'a 56 a kan 54. Ƙuri'a biyu kacal. Ranar Litinin da sassafe, kafin yawancin abokan hamayyarsu su iso, masu sassauci suka cika zaure, suka ce zaman wannan majalisa ba shi da sauran amfani ga ƙasa. Rous ya tashi, aka ɗauki sanda a gabansa, suka taka zuwa Whitehall suka miƙa wa Cromwell ikon da ya ba su. 'Yan tsirarun da suka ƙi tashi, Kanar William Goffe ya zo da sojoji ya fitar da su. Bayan kwana huɗu aka rantsar da Cromwell a muƙamin da za mu iya kira Garkuwan Ƙasa, bisa tsarin mulkin da Lambert ya riga ya rubuta. Harrison ya ƙi yin mubaya'a, aka tuɓe shi, ya riƙa shiga kurkuku yana fita.

Majalisar salihai 'yar nasara ce, a cikin murna aka haife ta. Mulkin janarori kuwa tsoro da kunya ne suka haife shi, kuma a nan bambancinsu ya faro. Majalisar zaɓaɓɓu ta farko da Cromwell ya kira a 1654 ta ɓata lokacinta tana neman rage ikonsa da yawan sojojinsa, ya sallame ta a watan Janairu 1655. A watan Maris wasu magoya bayan sarki ƙarƙashin John Penruddock suka shiga garin Salisbury da asuba suka kama alƙalai a kan gadajensu. An murƙushe su cikin kwanaki kaɗan, amma gwamnati ta tsorata. Sai babban bugu ya zo. Rundunar da aka aika ta ƙwace tsibirin Hispaniola daga hannun Sifaniya ta sha mummunan kaye a watan Afrilu, ta koma ta kama Jamaika, wadda a lokacin ba a ɗauke ta bakin komai ba. Da labari ya iso Landan a watan Yuli, Cromwell ya kulle kansa a ɗaki yini guda. Mutumin da ya saba karanta yardar Allah a cikin nasara, dole ya karanta fushinsa a cikin faɗuwa. Ya nemi dalili, ya same shi a zunuban al'umma, shaye-shaye da ashar da keta alfarmar ranar Lahadi.

Kafin ƙarshen 1655 an yanka Ingila da Wales zuwa yankuna goma sha wani abu, kowanne a ƙarƙashin manjo janar ko mataimakinsa. John Desborough, mijin 'yar'uwar Cromwell, ya riƙe kudu maso yamma. Edward Whalley, ɗan gwaggonsa, ya riƙe tsakiyar ƙasa. Goffe, wanda ya fitar da ragowar salihai, ya sami Sussex da Hampshire da Berkshire. Wanda ya rayu a zamanin gwamnonin soja ba ya buƙatar dogon bayani a kan yadda irin wannan rabo yake a idon talaka. Umarnin da aka ba su ya haɗa tsaro da tarbiyya a takarda guda. Su ƙwace makaman magoya bayan sarki, su sa su rubuta alkawarin zaman lafiya da jinginar kuɗi, su sa ido a kan tafiye-tafiyensu, su kama 'yan fashi da masu zaman kashe wando. Su kuma hana sukuwa da faɗan zakaru da wasan cuna wa beyar karnuka da wasan kwaikwayo, su rufe mashayun da suka yi yawa, su tsananta dokokin maye da zagi. Hujjar haɗa biyun ita ce, a filin sukuwa da ɗakin mashaya ake ƙulla makirci.

Babu wanda ya ɗauki aikin da zafi kamar Worsley. Aka ba shi Lancashire da Cheshire da Staffordshire, ya hau doki cikin sanyin hunturu yana bin garuruwa, yau zaman tantance masu biyan haraji, gobe binciken limamai da malaman makaranta, jibi umarni a kan mashaya. A yankin Blackburn kaɗai ya sa a rufe gidajen giya sama da 200. Wasiƙunsa zuwa Landan cike suke da murnar mutumin da ke ganin hannun Allah a cikin aikinsa. Ba ɓarawo ba ne, ba kuma munafuki ba, abin da yake faɗa shi yake yi. Jikinsa ne ya gaza. An kira su taro Landan, ya rasu a can a watan Yuni 1656 bai kai shekara 35 ba, aka binne shi a cocin Westminster inda ake binne sarakuna. Ina jin tausayinsa, kuma ina jin tausayin matar ƙauye da ke dafa giya tana sayarwa don ta ciyar da marayunta, wadda ta wayi gari an rufe mata ƙofa babu wanda ya tambaye ta da me za ta ci.

Ba dukansu ne haka ba. Whalley ya bar manyan Lincoln su yi sukuwarsu, yana cewa manufar ita ce a hana taron maƙiya, ba a raba mutanen kirki da wasansu ba. Goffe kullum kuka yake cewa aikin ya fi ƙarfinsa. A Landan kuwa Pride, wanda ya taɓa tare ƙofar majalisa, ya sa aka harbe beyar ɗin da ake wasa da su a gefen kogin Thames. Abin da ke halal a wannan gunduma haram ne a ta kusa da ita, gwargwadon halin wanda aka turo. Doka irin ta majalisar salihai, ko mai kyau ko marar kyau, a rubuce take kuma ɗaya ce ga kowa. Tarbiyyar janarori ta dogara ga zafin zuciyar mutum ɗaya. Ga kuma ciwon da manyan gundumomi suka ji. Iyalan da suka gaji alƙalancin sulhu kaka da kakanni suka ga an ɗora musu mutane irin James Berry, tsohon akawun maƙera, da John Barkstead, maƙerin zinariya, suna zaune a samansu suna ba da umarni.

Sannan ushira ta biyu. Don a biya sabuwar rundunar mahaya da za ta yi wa janarorin aiki, wadda ta kai mutum wajen 6,000, aka ɗora wa duk wanda ya taɓa goyon bayan sarki kuma gonarsa ke kawo fam 100 ko fiye a shekara harajin kashi ɗaya cikin goma. Babu majalisar da ta amince da shi. Ya kuma saɓa wa dokar afuwa ta 1652, wadda ta yi wa waɗannan mutane alkawarin cewa abin da ya wuce ya wuce. Mutumin da ya ajiye takobi shekara tara da suka shige, ya biya tara, ya zauna lafiya a gonarsa, aka sake kiransa gaban kwamiti ya lissafa dukiyarsa. Kuɗin ma bai isa ba, har sai da aka rage yawan mahayan.

Yaƙi da Sifaniya na cin kuɗi, janarorin suka ba Cromwell tabbacin cewa idan aka yi zaɓe za su iya kawo wakilai masu biyayya. Gwano ba ya jin warin jikinsa. A zaɓen Agusta 1656 taken da ya karaɗe gundumomi shi ne ba a son masu takobi, ba a son masu karɓar ushira. Da majalisa ta hallara a watan Satumba sai da aka tare wakilai wajen 100 a ƙofa. A jawabinsa na buɗewa Cromwell ya kare janarorin, ya ce a shekara hamsin ba a yi abin da ya rage alfasha kamar aikinsu ba.

A nan dole in kawo abin da ke wahalar da hukuncina, wato shari'ar James Nayler. Tsohon soja ne, ɗaya daga cikin manyan masu wa'azin 'yan Kweka. A watan Oktoba 1656 ya shiga Bristol a kan doki cikin ruwan sama, mata na shimfiɗa tufafi a gabansa suna waƙa, kwaikwayon shigar Almasihu birnin Ƙudus. Dokar saɓo ta 1650 wata shida a kurkuku ta tanada ga laifin farko. Majalisar zaɓaɓɓu ta ga wannan ya yi kaɗan, ta mai da kanta kotu, ta kwashe kwanaki tana muhawara. Ƙuri'ar kisa ta faɗi da 96 a kan 82. Maimakon haka aka sa shi a turu, aka yi masa bulala sama da 300 a titunan Landan, aka huda harshensa da jan ƙarfe, aka yi masa lalas a goshi. Cromwell ya rubuto yana tambaya da wane iko suka yi haka, ba su ba shi amsa ba. Wannan ya nuna cewa tsoron da sojoji ke yi wa majalisar zaɓaɓɓu ba na banza ba ne. Da a hannun masu ƙuri'a na wancan zamani aka bar addini, da ƙananan majami'u sun sha wuya, kuma takobin ne ya daɗe yana yi musu laima. Amma janarorin ma kansu a rabe yake. Lambert da Desborough sassauci suka nema, Goffe da Whalley da William Boteler suna cikin masu tsanani. Laimar ta Cromwell ce da wasu hafsoshi, ba tsarin janarori ne ya samar da ita ba.

Ranar Kirsimeti ta 1656, wadda gwamnati ta hana bikinta, majalisa ta zauna da mutane kaɗan domin da yawa sun tafi gida. Desborough ya ga dama ta samu, ya gabatar da ƙudurin da zai mai da harajin ushira doka ta dindindin. Da aka dawo muhawara a watan Janairu, cikin waɗanda suka fara tashi suka soke shi akwai John Claypole, surukin Cromwell, kowa kuma ya fahimci hannunka mai sanda. Ranar 29 ga Janairu 1657 ƙudurin ya faɗi da ƙuri'a 124 a kan 88. Washegari majalisa ta amince da fam 400,000 na yaƙi. Ba da daɗewa ba ta yi wa Cromwell tayin sarauta, ya yi makonni yana juya maganar, ya ƙi karɓa ranar 8 ga Mayu.

Idan aka ce in zaɓa, majalisar salihai nake ganin ta fi daraja, duk da ita aka fi yi wa dariya. Dalilina na farko shi ne inda kowanne ya nufi bulalarsa. Salihan sun ɗaga kai sama, sun nufi lauya da kotu da mai karɓar ushira da mai kulle talaka kan bashi. Janarorin ƙasa suka duba, mashayin ƙauye da mai zagi a kasuwa da almajirin hanya. Duka biyun sun ce gyaran al'umma suke yi, amma ɗaya ya fahimci zunubin ƙasa a matsayin zaluncin masu iko, ɗayan ya fahimce shi a matsayin shashancin marasa iko. Na biyu, majalisar tana da wurin da ake cewa a'a. An yi gardama a cikinta, an ƙirga ƙuri'a, kuma da ta kasa, 'ya'yanta ne suka kai ta kabari da ƙafafunsu, ko da yake hannun Lambert na bayan labule. Wanda janar ya rufe wa shago ba shi da zauren da zai je ya yi gardama. Na uku shi ne abin da kowanne ya jawo wa addinin da ya ce yana yi wa hidima. Salihan sun jawo masa ba'a, ba'a kuwa tana wucewa. Janarorin sun sa talakan Ingila ya riƙa jin wa'azi tare da ƙarar kofaton doki da takardar haraji, kuma tsoron soja a harkar mulki ya zauna a zuciyar 'yan siyasar ƙasar na tsawon ƙarnoni.

Akwai laifin da ba zan ɗora wa ɗayansu in bar ɗaya ba. Duka biyun mutum ɗaya ne ya kafa su, kuma shi ya janye musu hannu a ranar da suka yi karo da masu dukiya. Cromwell yana son al'umma ta gari da gaske, yana kuma son masu ƙasa su yarda da mulkinsa, kuma duk lokacin da biyun suka haɗu a ƙofa ɗaya, na biyun yake bari ya wuce. A 1657 ya kira majalisar salihai labarin rauninsa da wautarsa, ya kuma gaya wa hafsoshi cewa su suka kawo shawarar janarori. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa, shi ya sa 'yan Daula ta Biyar suka fi tsanar Cromwell fiye da yadda suka tsani ɗan sarki.

Cromwell ya rasu ranar 3 ga Satumba 1658. Ɗansa Richard bai kai shekara ba sojoji suka ture shi, suka dawo da ragowar majalisar da aka kora, suka sake korarta. Wanda ya kawo ƙarshen rikicin shi ne Monck, tsohon wakili a majalisar salihai, da ya sauko da rundunarsa daga Sikotlan a farkon 1660, Montagu kuma ya ɗauko ɗan sarkin, Charles na Biyu, a jirgin ruwa, Charles ya shiga Landan ranar 29 ga Mayu. Harrison ya ƙi gudu. Aka rataye shi aka daddatsa gawarsa a Charing Cross ranar 13 ga Oktoba 1660, yana kan aƙidarsa har numfashin ƙarshe. Whalley da Goffe suka tsallaka teku suka ƙare rayuwarsu a ɓoye a ƙauyukan Massachusetts da Connecticut. A 1662 aka kori limamai wajen 2,000 daga cocin gwamnati, aure kuwa ya riga ya koma hannun coci, manomi ya ci gaba da ware daminsa na goma. Sai a 1836, shekara 183 bayan zaman mai sayar da fata da abokansa, majalisar Ingila ta mai da ushirar amfanin gona kuɗin da ake biya, kuma a wannan shekarar ta yi dokar ɗaura aure a gaban jami'in gwamnati da ta rubuta haihuwa da mutuwa.